Intanet ta ɗauke a ɗakin ɗalibai: yadda za ka gano inda ta tsinke kafin ka kashe ko sisi

Wani dare bayan sallar isha'i ƙanena ya kira ni daga gidan hayar ɗalibai da yake zaune can wajen hanyar Dutsin-Ma. Washegari za a rufe rajistar kwas, shi kuma laftof ɗinsa ta ƙi buɗe komai.

"Yaya, netwok ɗin nan ya mutu. Don Allah turo mini kuɗi in sa data a ɗaya layin."

Na ce, "Da me ka jona laftof ɗin?" Ya ce da hotsfot ɗin wayarsa. Na ce to wayar fa, tana buɗe YouTube? Ya yi shiru kaɗan, sannan ya ce tana buɗewa lafiya lau. Na ce masa netwok ɗin da ya mutu ba ya nuna bidiyo, ya ajiye maganar kuɗi tukuna.

Abin da ya sa nake rubuta wannan ke nan. Ɗalibi idan ya ce "babu sabis" yakan haɗa cututtuka huɗu ne ya ba su suna ɗaya. Intanet kafin ta iso idonka sai ta ratsa wurare huɗu: na'urar da ke hannunka, abin da ke raba mata intanet a ɗaki (hotsfot, MiFi ko rauta), ƙarfen sabis na kamfanin layinka, sai kuma shafin da kake son buɗewa. Kowane ɗaya yana iya tsinkewa shi kaɗai, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Aikinka na farko shi ne gano wanda ya tsinke.

Mataki na 1: Tambayoyi uku, minti biyu

Shafi ɗaya ne ya ƙi buɗewa ko duka? Buɗe Google, buɗe YouTube, buɗe wani shafin labarai da ba ka shiga ba yau. Idan duk sun buɗe amma fotal ɗin makaranta ya ƙi, intanet ɗinka lafiyarta ƙalau. Fotal yakan cika ne idan dubban ɗalibai suka dira masa lokaci guda, kuma babu datar da za ka saya ta gyara wannan. Ka koma bayan asuba. Idan kuma biyan kuɗi kake yi ta Remita shafin ya maƙale, kada ka sake biya. Rubuta lambar RRR ɗinka, wato lambar biyan da Remita ta ba ka, a takarda, ka duba matsayin biyan da ita daga baya.

Na'ura ɗaya ce ko duka? Idan waya na yi laftof ba ta yi, tsallaka zuwa mataki na 5.

Kai kaɗai ne ko har maƙwabta? Leƙa ɗakin kusa ka tambayi mai layi irin naka, sannan ka tambayi mai layin wani kamfani. Idan duk masu layi irin naka sun tsaya, matsalar daga kamfanin take. Idan kai kaɗai ne, tana cikin wayarka ko asusun layinka. Wannan tambayar ta fi kowace manhajar gwaji sauri, kuma kyauta ce.

Mataki na 2: Asusun layin

Kafin ka taɓa wani saiti, danna *323# ka ga datar da ta rage. Tun 2023 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta daidaita waɗannan lambobi a dukkan layuka: *323# na duba data, *310# na duba kuɗin kira, *312# na sayen data, 300 na kiran masu kula da abokan hulɗa. MTN kake riƙe da shi ko Airtel ko Glo, duk ɗaya ne.

Kada ka tsaya a ganin adadin. Karanta irin datar. Akwai ta dare wadda ba ta aiki da rana. Akwai ta WhatsApp da Facebook kawai, wadda za ta sa ka ga saƙo na shiga ka ɗauka kana da intanet, alhali burauza ba za ta buɗe ko shafi ɗaya ba. Akwai garaɓasar da aka keɓe wa YouTube. Akwai kuma ranar ƙarewa: gigabayit uku da wa'adinsu ya cika jiya sunansu babu.

Idan kira ma ba ya fita, ko layin ya daina nuna sunan kamfani, duba ko an rufe shi saboda lambar NIN. *996# ne ake dannawa don wannan. Tun da wa'adin haɗa layi da NIN ya cika a watan Satumba na 2024, layin da bayanansa ba su dace ba yana iya rufuwa. Wannan ya fi kama ɗaliban da ke amfani da layin da aka yi rajista da sunan wani a gida, kuma gyaransa sai an je ofishin kamfanin da mai sunan.

Mataki na 3: Wayar

Kunna alamar jirgin sama, ƙirga zuwa ashirin, kashe ta. Wannan ba camfi ba ne: yana tilasta wa wayar ta saki ƙarfen da take maƙale da shi ta sake neman wanda ya fi ƙarfi. Idan bai yi ba, kashe wayar gaba ɗaya ka kunna.

Sai waɗannan, bi su a jere. Wayar mai layi biyu ce? Tabbatar layin da ke da data shi aka zaɓa na shiga intanet, domin sau da yawa bayan an cire sim an mayar, zaɓin yakan koma ɗaya layin ya riƙa cinye kuɗin kira. Akwai manhajar VPN a kunne, wato mai bi da intanet ɗinka ta wata kwamfuta ta daban (saba) kafin ta isa shafin da kake so? Kashe ta. Irin waɗannan na "burauzin kyauta" da ake turawa a guruf su ne kan gaba wajen toshe hanya, domin idan sabarsu ta mutu, duk abin da wayarka za ta aika sai ya je ya tsaya a ƙofar da ba kowa. Sannan duba ko ka taɓa sa wa wayar iyakar data ka manta.

Na ƙarshe shi ne APN, wato adireshin ƙofar da wayar ke bi ta shiga intanet ɗin kamfani. Idan sandunan sabis sun cika amma harafin 4G ko LTE bai fito kusa da su ba, zargi APN. A Android yana cikin saitin sim, wurin da aka rubuta "Access Point Names". Mafi sauƙi ka danna "Reset to default". Idan da hannu za ka rubuta, na MTN shi ne web.gprs.mtnnigeria.net, na Glo kuma gloflat.

Wani abu da ya shafe mu nan bakin iyaka: wanda ya je hutun ƙarshen mako wajen Jibiya ko Kongolam, wayarsa tana iya kama layin Nijar. Idan ka dawo ka ga sunan kamfanin da ba ka sani ba, ko harafin R a saman waya, shiga zaɓin netwok ka zaɓi naka da hannu, daga baya ka mayar da shi na atomatik.

Mataki na 4: Ɗakin da kake ciki

A nan yawancin matsalar ɗalibai take, kuma a nan ake yawan ɓarnar kuɗi.

Sandunan sabis da ke saman waya ba abin dogaro ba ne. Kowane kamfanin waya da yadda yake zana su, sanda uku a Tecno ba lallai ta yi daidai da sanda uku a Samsung ba. Akwai lamba ta gaskiya. A Android shiga "About phone", sai "SIM status", za ka ga lambar ƙarfin sigina da dBm, wato ma'auninsa, a gabanta. A iPhone danna *3001#12345#* ka kira, ka nemi RSRP, a nan lambar take. Lambar tana da alamar ɗebewa a gabanta, don haka wadda ta fi kusa da sifili ita ce mai kyau. A kan 4G, wajen -80 zuwa -90 sabis ne mai ƙarfi. Wajen -100 ana lallaɓawa. Daga -110 zuwa ƙasa, bidiyo zai riƙa tsayawa, kiran Zoom zai riƙa yankewa.

Yanzu ɗauki wayar ka zaga. Tsaya a kan katifa ka rubuta lambar. Je bakin taga, tsaya rabin minti don lambar ta daidaita, rubuta. Gwada ɗaya tagar idan akwai, gwada bakin ƙofa, gwada tsakar gida. Za ka yi mamakin yadda taku uku ke canza lamba. Dalili kuwa ginin ne: bulo da siminti suna rage sigina, dekin mai rodi ya fi su ragewa, rufin kwano da ƙofar ƙarfe da ragar ƙarfen taga kuma suna mayar da ita baya. Ɗakin ƙasa da ke tsakiyar dogon gida, mai taga ɗaya da ke kallon katangar maƙwabci, shi ne mafi wahala. Shi ya sa nake ba duk wanda zai kama ɗaki shawara ya yi wannan awon kafin ya biya kuɗin shekara. Muna duba ruwa da banɗaki, mu manta da abin da za mu yi asayimen da shi.

Da ka gano wuri mafi kyau, can za ka ajiye wayar ko MiFi ɗin, kai kuma ka zauna inda kake so ka ja ta Wi-Fi. Sigina daga ƙarfen sabis ita ce mai wuyar samu, wadda ke cikin ɗaki mai sauƙi ce. Sai dai kada ka ajiye ta inda rana ke duka. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, wayar da ke hotsfot tana caji a bakin taga za ta yi zafi ta rage wa kanta gudu, wani lokaci ta kashe hotsfot ɗin da kanta. Cire mata riga, sa ta a inuwa. Kuma taga mai kallon titi, ka san sauran.

Idan wayar na ta tsalle tsakanin 4G da 3G, ka tsayar da ita a ɗaya. Wani lokaci 3G mai ƙarfi ya fi 4G mai numfashi sama-sama, musamman don buɗe fotal ko tura takarda.

To idan lambar tana da kyau, -85 ce, amma daga bayan magariba zuwa sha ɗaya na dare komai ya tsaya cik, da asuba kuma ya riƙa gudu? Cunkoso ne. Ƙarfen sabis ɗaya yana raba abin da yake da shi ne ga duk wanda ya jona, kuma unguwar ɗalibai da dare kowa na kan TikTok. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Babu saitin da zai gyara wannan. Abin yi biyu ne: ka mayar da manyan sauke-sauke zuwa bayan sha biyun dare ko bayan asuba, ka kuma riƙe layi na biyu na wani kamfani. Wane kamfani? Wanda maƙwabtanka a wannan gidan suka ce yana yi, ba wanda ke yi a Kofar Kaura ko a gidanku ba. Sabis na unguwa-unguwa ne, har ma na lungu-lungu. Ara sim ɗin aboki ka gwada da dare kafin ka saya.

Kada ka yarda a sayar maka da akwatin nan mai eriya da ake cewa yana ƙara sabis. NCC ta sha gargaɗi cewa amfani da irin waɗannan na'urori ba da izini ba laifi ne, domin suna dagula sabis ɗin maƙwabta.

Mataki na 5: Waya na yi, laftof ba ta yi

Mu koma ga ƙanena. Na ce ya karanta mini abin da burauza ta rubuta. Ya ce an rubuta wai haɗinsa ba na sirri ba ne. Na ce ya kalli kusurwar ƙasa ta dama ya faɗa mini kwanan wata. Laftof ɗin tana zaune ne a wata shekara da ta wuce tuntuni. Tsohuwa ce, ƙaramin batirin da ke riƙe mata agogo ya mutu, babban batirin ma ya mutu, don haka duk lokacin da aka ɗauke wuta sai agogon ya koma baya. Shafuka masu tsaro suna da takardar shaida mai kwanan wata, kuma idan agogonka bai dace ba burauza ba za ta amince da ita ba. Ya gyara kwanan wata, fotal ya buɗe. Ya ce, "Kai Yaya, wallahi saura kaɗan in kai ta wajen mai gyara." Don haka fara da agogo.

Idan laftof ba ta ma ganin sunan hotsfot ɗin, wataƙila wayar tana watsa Wi-Fi ne a zangon 5 GHz, tsofaffin laftof da yawa kuma 2.4 GHz kawai suke gani. Canza shi a saitin hotsfot. A iPhone sunan abin "Maximize Compatibility". Ko ka huta da duk wannan ka jona wayar da laftof da kebul, ka kunna "USB tethering". Ya fi tsayawa daram, kuma wayar na samun caji. Idan bai fito ba, canza kebul, domin wasu na caji ne kawai.

Idan ta jona amma ta ce babu intanet, sa ta manta da netwok ɗin ka sake jonawa da kalmar sirri. Bai yi ba? A Windows rubuta cmd a wurin nema, baƙin allo zai buɗe. Rubuta ipconfig. Idan adireshin da ka gani ya fara da 169.254, rautar ba ta ba laftof ɗin adireshi ba, sai ka kashe rautar ka kunna, ka rubuta ipconfig /release sannan ipconfig /renew.

Idan adireshin lafiya yake, rubuta ping 8.8.8.8. Amsa ta dawo? Rubuta ping google.com. Idan na farko ya amsa na biyu ya ƙi, intanet na nan, abin da ya lalace shi ne DNS, mai fassara sunan shafi zuwa lamba. Kamar kana da kati a waya ne amma sunayen mutane sun goge. Rubuta ipconfig /flushdns, idan bai isa ba ka canza DNS ɗin laftof zuwa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Duba saitin proxy ma, wato wata saba da ake bi ta cikinta a shiga intanet, ka kashe shi idan ba kai ka sa ba.

Abu ɗaya da zai cece ka daga kuka: a saitin Wi-Fi na Windows, kunna "Metered connection" a kan hotsfot ɗinka. In ba haka ba laftof za ta ɗauka intanet ɗin banza ta samu, ta fara sauke sabuntawa a ɓoye. Da yawan masu cewa kamfani ya sace musu data, laftof ɗinsu ce ɓarauniyar.

Mataki na 6: Rautar haɗaka

Tun da aka amince wa kamfanoni ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025, haɗa kuɗi a sayi rauta ɗaya ya ƙara ma'ana. Amma rautar haɗaka tana da nata rigingimun.

Fara da fitilunta. Ta wuta a kunne? Ta sigina kore ce ko shuɗiya, ko ta koma ja? Ja yawanci na nufin sim bai zauna ba, ko data ta ƙare, ko babu sigina. Zare ta daga soket, jira rabin minti, mayar, ka ba ta minti biyu cikakku. Kada ka soka tsinke a ƙaramin ramin da aka rubuta "Reset". Wannan ba kashewa da kunnawa ba ne, goge komai ne, har sunan Wi-Fi da kalmar sirri.

Juya ta ka karanta takardar da ke manne a ƙasanta. Akwai adireshi, yawanci 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, na Huawei kuma 192.168.8.1. Rubuta shi a burauza ka shiga. A ciki za ka ga jerin na'urorin da suka jona. Ku shida kuka haɗa kuɗi, ka ga na'ura goma sha huɗu? Ka samo amsarka. Ba lallai wani ya faɗi kalmar sirri da baki ba, Android na nuna lambar QR da aboki zai ɗauka da kyamara cikin daƙiƙa. Canza kalmar sirri, canza ta shiga saitin rautar ma idan har yanzu "admin" ce. Rautoci da yawa suna da wurin da za ka lissafa na'urorin da aka yarda da su kawai.

Ku yi lissafi kafin ku yi faɗa. Shiga fast.com ka auna gudu. Idan ya nuna 10 Mbps (megabit 10 a daƙiƙa), ka tuna bit takwas ne ke yin bayit ɗaya, wato kusan megabayit 1.25 a daƙiƙa, kuma shi za ku raba ku duka. Mutum ɗaya mai sauke fim zai iya tsayar da lakcar mutum biyar. Tsarin da ake kira marar iyaka ma yawanci yana da adadin da idan an kai ake rage gudu, karanta sharaɗinsa. Kada ka yi ta maimaita awon, shi ma data yake ci.

Wurin ajiya: sama, a sarari, ba ƙarƙashin gado ko cikin akwatin ƙarfe ba. Na kusa su hau 5 GHz, ya fi sauri amma ba ya ratsa bango sosai. Na ɗakin ƙarshe su hau 2.4 GHz. Idan gidan cike yake da hotsfot, gwada mayar da tashar 2.4 zuwa 1 ko 6 ko 11, su ne ukun da ba sa hawa kan juna.

Sai wuta. Duk ɗaukewar Nefa ko canjin janareta yana kashe rautar, kuma wuta marar ƙarfi tana sa ta riƙa mutuwa tana tashi. Yawancin rautocin nan volt 12 suke ci, wutar da ba ta wuce ta ƙwan fitila ɗaya ba. Ƙaramin UPS na rauta, wato batirin ajiyar wuta, ko fawa banki da kebul mai ɗaga volt 5 zuwa 12, zai riƙe ta sa'o'i. Dubi abin da aka rubuta a jikin adaftarta, volt da amfiya, ka sayi daidai da shi. Adaftar aro ta dikoda ko ta fitila ta sha ƙona rauta. MiFi kuma idan murfin bayansa ya fara ɗagowa, batirin ya kumbura, cire shi yau. Lokacin hunturu a riƙa kaɗe ƙurar da ke toshe ramukan iska.

Idan Wi-Fi na makaranta ne

Irin wannan yakan buƙaci shafin shiga ya fito ka sa lambar ɗalibi. Idan ya ƙi fitowa, kashe datar waya, kashe VPN, kashe "Private DNS", sannan ka buɗe neverssl.com, shi zai jawo shafin. Idan an yi wa na'urarka rajista amma aka daina gane ta, sababbin wayoyi suna ɓoye lambar MAC ɗinsu ta asali, wato lambar da netwok ke gane na'ura da ita, sai ka zaɓi ta asali a saitin wannan Wi-Fi ɗin. Kuma kada ka jona taka rautar a soket ɗin intanet na bango ba tare da izinin sashen kwamfuta ba. Idan ka soka kebul a ramin da bai dace ba, rautarka za ta fara raba adireshi ga duk bulok ɗin, kowa ya tsaya.

Mataki na 7: Idan abin ya fi ƙarfin ɗaki

Wani lokaci babu laifin kowa a unguwar. Ranar 14 ga Maris 2024 manyan wayoyin intanet da ke ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama har da Najeriya. A 2021 kuma an rufe sabis a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda tsaro. Abin da ya fi yawa dai shi ne masu aikin hanya su tsinke wayar faiba, ko janaretan ƙarfen sabis ya tsaya. Alamarsa: kowa mai layin ya tsaya lokaci guda, har masu POS na bakin titi.

Idan ya wuce kwana ɗaya, kira 300. Kada ka ce "babu netwok" kawai. Faɗi unguwa da wata alama sananniya kusa da kai, lokacin da abin ya fara, lambar dBm da ka gani, ko kira na fita, da kuma cewa ka gwada sim ɗin a wata waya. Nemi lambar ƙorafi ka rubuta ta. Ku kira ku da yawa, kowa daga layinsa, domin ƙorafi goma daga wuri ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Idan aka yi shiru, kira 622, layin ƙorafi na NCC, kyauta ne, kuma lambar ƙorafin nan da ka rubuta ita za su fara tambayarka.